Rawanin da Ta Riƙa Kakkaɓe Mini

Ya Edita, bayan gaisuwa, ina roƙon ɗan fili a mujallarka in sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan kuma ambaci na kowa ba, don yawancin waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya. A lokacin da abin ya faru ni matashi ne, Bagobiri, na baro garinmu na zo Yamai da ƙarfina da ɗan karatun firamare. Na fara da dakon katako a kasuwar Katako, na koyi aikin rufin gidaje, har Allah ya sa na zama shugaban leburori takwas a hannun wani ɗan kwangila. Ina da saurin hannu da saurin baki, kuma a ganina duk garin babu wanda ya fi ni sanin kwano da ƙusa. Aurena bai fi shekara biyu ba, muna zaune ni da matata a ɗaki ɗaya da 'yar rumfa a unguwar Gamkale.

Zamanin fari ne, kuma zamanin soja. Damina ta ƙi, kogin Isa da ya bi ta Yamai ya janye har mutane suna ratsa shi da ƙafa, shinkafar fadamar Saga ta bushe a tsaye, mutanen karkara suna ta kwararowa birni da buhuna babu komai a ciki. Ana cikin haka aka ba maigidana ɗan kwangilar aikin wata tsohuwar mangaza, wato babban ɗakin ajiya, tun ta zamanin Turawa, wadda ake so a zuba hatsin taimako a ciki. Rufinta na fibro ne, wato irin kwanon nan na siminti mai launin toka, duk ya tsattsage, aka ce a sauke shi a sa sabon kwano. Wani hafsan soja ya zo ya tsaya a gabanmu, ya ce motocin hatsi suna hanya, kwana bakwai ya ba mu, kuma ba ya son jin wani dalili. A wancan lokacin idan mai kaki ya ce bakwai, ba ka tambayarsa ko da Juma'a a ciki. Maigidana ya miƙa mini takarda, ya ce in je wurin mai ajiyar kayan aiki in zaɓi duk abin da nake bukata.

Mai ajiyar wani dattijo ne Bazabarme, haifaffen Yamai, wanda ya taɓa yin aiki a tashar jiragen ruwa a ƙasar Faransa kafin ya dawo gida. Hausarsa ta kasuwa ce, yakan mai da mace namiji, namiji mace. Da ya ji aikin da za mu yi sai ya shiga can ƙuryar ɗaki, ya dinga fito da kaya yana jerawa a gabana. Ya fito da maski, wato abin rufe hanci da baki, na roba mai matata biyu a gefe, wanda idan ka sa sai ka zama kamar alade. Ya fito da riguna masu haɗe da wando da hula, da takalman roba, da abin feshi irin wanda masu lambu suke goyawa a baya, da manyan ledoji, da 'yan ƙarafunan kwance ƙusa da hannu. Ya ce a jiƙa kowane falle kafin a taɓa shi, a kwance shi a hankali, a sauke shi ɗungum, kada a fasa, kada a yanka, kada a share wurin da tsintsiya. Ya ce a cikin kwanon nan akwai wani abu da Faransawa suke kira amiyanti, ƙurarsa idan ta shiga ƙirji ba ta fita, kuma ya ga abokan aikinsa da ta kashe bayan shekaru masu yawa.

A nan ne na yi wautar da har gobe nake jin kunyarta. Kowa ya san abin da ke tsakanin Bagobiri da Bazabarme. Wasa ne, ba ka barin maganarsa ta wuce ba ka murɗe ta ba. Sai na juya wurin leburorina na ce ku ji Baba da Hausarsa ta aro, so yake ya ce kwanon amintacce ne, harshe ya ƙi. Aka fashe da dariya. Na ƙara da cewa Zabarmawa ne kawai za su ji tsoron siminti, mu Gobirawa da kibiya muka saba. Na jira ya rama, don haka al'ada take, amma bai rama ba. Ya ce mini yau ba wasa yake yi ba, in ajiye taubasantaka a bakin ƙofa in saurare shi. Ni kuwa na ɗauki wannan ma a cikin wasan, na ce ai bawa ba ya ba ubangidansa umarni. Daga ranar leburorina suka laƙaba wa fibro suna amintacce.

Ba wasan kaɗai ya rufe mini ido ba, gaskiya. Na lissafa a raina na ga idan za mu kwance falle ɗaya-ɗaya yadda ya ce, kwana bakwai ba za su ishe mu ba. Sannan ga maganar ruwa. A lokacin 'yan ga-ruwa sai ka yi musu magiya, mata suna yini a layin famfo, kuma a bayan mangazar akwai mutanen da fari ya koro sun kafa bukkoki. Na ce da wane ido zan dubi matan nan ina fesa ruwa a kan rufi? Gangar ruwa biyun da aka kawo mana don aikin na sa aka mirgina musu, suka yi ta sa mini albarka, ni ma ina jin kaina wani mutumin kirki. Na bar wa dattijo maskinsa da rigunansa da abin feshinsa. Na zaɓi injin yanka mai faifai, da manyan guduma, da shebur, da tsintsiya. Game da ƙura kuwa na ce rawani ya ishe mu, da shi kakanninmu suka ratsa sahara.

Cikin kwana biyar muka gama. Inji yana kuka, guduma tana aiki, fibro yana zubowa ƙasa yana farfashewa, ƙura fara ta cika mangazar har ba ka ganin na kusa da kai. Muka share, muka sa sabon kwano, hatsi ya iso ya tarar da wuri a shirye. Hafsan nan ya dafa kafaɗata a gaban jama'a, na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Kullum da yamma idan na dawo, rawanina da rigata sun yi fari fat. Matata mace ce mai tsafta da tattali, kuma ruwan da take samu bai wuce na sha da girki da alwala ba, don haka ba ta wankewa. Sai ta karɓa, ta shiga rumfa don kada ƙurar ta dami maƙwabta, ta yi ta kakkaɓewa tana bugawa a jikin ginshiƙi, tana atishawa tana dariya, tana cewa Malam ya dawo kamar wanda aka tono daga buhun gari. Ta ninke ta ajiye mini a kan gado. Haka ta yi a wannan aikin, haka kuma ta yi a sauran ayyukan fibro da suka biyo baya, don daga nan sunana ya fita, duk mai tsohon rufi ni yake nema.

Ranar da na mayar da inji, dattijon nan ya riƙe hannuna. Ya ce tunda na ƙi ji a kaina, to don Allah kada in ƙara kai tufafin aikina gida. Na ce masa to, na fita, na manta kafin in kai bakin titi. Har fallaye shida da suka tsira ba su fashe ba na ɗauko, na rufa wa matata ɗakin girki da su, ta yi ta murna wai ta huta da zubar ruwa idan Allah ya kawo damina.

Shekaru suka shuɗe. Ruwa ya dawo, soja suka tafi, 'ya'yanmu suka girma suka yi aure, na bar hawa rufi na koma sayar da kayan gini, na tara gemu har ana ba ni sahun gaba a masallaci. Sai matata ta fara tari, da ciwo a gefen ƙirji, da haki ko daga ɗaki zuwa tsakar gida. Muka sha magani iri-iri, aka ce sanyi ne, aka ce tarin fuka ne, ba shi ba ne. Daga ƙarshe wani likita ya ɗauki hoton ƙirjinta, ya zuƙe ruwan da ya taru, ya yi gwaje-gwajensa, sannan ya tambaye ta ko ta taɓa aiki a masana'anta. Ta ce ita ko kasuwa ba ta cika zuwa ba. Ya juyo gare ni ya tambayi sana'ata, na faɗa masa. Ya ce ko na taɓa yanka fibro, na ce ba adadi. Sai ya tambaya wa yake wanke mini kayan aiki. Kafin in buɗe baki ta riga ni, ta ce ba wankewa take yi ba, kakkaɓewa take yi, don lokacin babu ruwa. Likitan ya ajiye alƙalaminsa. Ya ce ciwon daji ne na fatar da ta lulluɓe huhu, kuma irinsa da wuya ya zo ba ta hanyar wannan ƙurar ba. Ya faɗi sunanta, amiyanti, daidai yadda Baba ya faɗa.

Da muka koma gida na zauna a gabanta na faɗa mata komai, har dariyar da na sa aka yi wa dattijo. Ban taɓa kuka a gabanta ba sai ranar. Ta ce Malam, kwana idan ya ƙare ya ƙare, ta yafe mini duniya da lahira. Amma ta ce abu ɗaya take roƙo: jikokinmu suna wasa a ɗakin girkin nan, rufin ya fara marmashewa, in sauke shi, kuma in sauke shi yadda Bazabarmen ya ce. Ba ta kai azumin shekarar ba. Dattijon kuwa ya daɗe da rasuwa, ban samu na nemi gafararsa ba. Ni ma an ga tabo a huhuna, kuma a cikin leburorina takwas ban san inda biyar suke ba, balle in san abin da na jawo musu.

Bayan sadakar arba'in na shiga neman kaya. Na yi mako uku ina yawo a shaguna, ana miƙo mini maskin takarda na ƙura ina mayarwa, har na samu na roba mai matatar da aka yi don irin wannan ƙura, na sa wani masanin aikin ya duba mini lambarta. Shi ne ya ce mini maskin ba zai kama fuska ba muddin akwai gemu, ƙurar za ta bi ta cikin gashi ta shiga. Gemun nan na yi shekara ashirin ina tattalinsa. Na je wurin wanzami na ce ya kwashe shi tas. Ya tambaye ni sau uku, na ce ya yi aikinsa. A masallaci abokaina suka yi ta tsokana wai ko sabon aure nake nema, na bar su suka yi dariyarsu, don na san inda dariya ta taɓa kai ni.

Na kwashe iyali na kai su gidan ɗana, na gaya wa maƙwabta su rufe tagogi. Na shimfiɗa leda a ƙasa, na sa rigar nan mai hula wadda ake yarwa bayan aiki, da takalman roba, da maskin alade. Na jiƙa kowane falle da ruwa mai ɗan sabulu har ya sha, na kwance ƙusoshin da hannu, muka sauke su ɗaya-ɗaya ni da wani magini da na saya wa kaya irin nawa. Babu wanda ya fashe. Muka naɗe su a leda ninki biyu, muka goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, muka cusa rigunan da tsumman a leda, maski ne na ƙarshen cirewa. Na je wurin hukuma suka nuna inda za a binne. Falle shida suka ci mana yini biyu, ni da na taɓa sauke mangaza guda a kwana biyar.

Abin da na koya shi ne, ranar zaɓen kayan aiki ba kanka kaɗai kake zaɓa wa ba, har da wanda zai tarbe ka a gida. Kuma gaskiya ba ta zama wasa don ta fito daga bakin abokin wasa. Ku masu aikin rufi, da ku masu tsofaffin gidaje, fibro yana nan birjik a garuruwanmu. Idan lafiyarsa lau, ku bar shi, kada ku huda, kada ku kankare. Idan dole a sauke, ku nemi wanda ya san aikin, ku bar inji da guduma da tsintsiya, ku nemi ruwa ko da sayensa za ku yi, kada kuma ku yarda da rawani ko maskin takarda. Ni yanzu duk inda na ji kukan inji a kan rufi sai na tsaya na yi magana, ko za a ce tsoho ya ruɗe, kuma ba zan daina ba sai numfashin ya ƙare. Ku kuma mata, idan maigida ya dawo da riga ta yi fari da wannan ƙura, kada ku karɓa. Tawa ta karɓa da hannu biyu tana dariya.