Ammu Badaru da Turaren da Muka Kunna a Kantin Kujeru

Ƙarfe bakwai na safe motar kamfani take ɗaukar Ammu Badaru, wato Baffa Badaru, a bakin titin Kurayyat. Kafin tara ya sa rigar aiki, ya cika bokiti, ya bi teburan ɗakin cin abincin da ke saman babban kantin kayan ɗakin nan na arewacin gari yana gogewa ɗaya bayan ɗaya. Ba sai na faɗi sunan kantin ba, ai ku ne kuke cika shi. Shekara ashirin da biyu aikinsa ke nan: kwashe tire, goge miya, tsince soyayyen dankali daga ƙarƙashin kujeru. A Jidda aka haife shi, kakansa ne ya zo hajji da ƙafa ya zauna, amma har yau da iƙama, takardar zaman baƙi, yake zaune, kuma kantin nan ne kafilinsa da ya tsaya masa. Ranar da aikin ya tafi, takardar zamansa ta bi shi, har da ta matarsa. Najeriya kuwa a labari kawai ya san ta.

Mu kuma, Allah ya shirye mu. A cikinmu wa ya taɓa sayen ko matashin kai a kantin nan? Mukan ratsa gadaje da kabad-kabad da sauri kamar ana bin mu, mu haye sama inda ake sayar da ƙwallayen nama da dankali da romo a kuɗin da ko shawarma biyu ba zai saya ba. Ga sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ga kofin gahawa da za ka yi ta cikawa ba mai ce maka kanzil. Mun ga banza mun faɗi. Kofi ɗaya mutum shida, ana zagayawa da shi daga azahar har magariba. An rubuta da Larabci, an zana hoto don wanda bai yi karatu ba, cewa kowa ya kai tirensa inda ake ajiyewa. Mu sai mu miƙe mu kakkaɓe abaya mu wuce, don mun san akwai Ammu.

Wata Sharifa ta unguwar Bagdadiyya ta ba ni labarin wani dattijo, baƙon umara daga Maraɗi, da ya naɗe hannun riga a gaban famfon da aka kafa don talla, yana ta murɗawa zai yi alwala, ruwa ya ƙi zuwa. Samari sun fara ɗaga waya za su ɗauke shi. Ammu ya zo ya tsaya tsakaninsa da su, ya ce, "Baba, wannan ya lalace tun jiya. Yalla, zo in kai ka mai kyau." Ya riƙe masa takalma har ya idar da salla. Ni da idona na ga ya tashi wata baiwar Allah da ta ci ta ƙoshi ta miƙe a gadon talla har da minshari. Bai ce mata haramun ne ba, bai bari masu gadi sun iso ba. Ya ƙwanƙwasa katakon gadon ya ce, "Hajiya, an kira la'asar." Sabon zuwa da bai san yadda ake bin layi da tire ba, sai kawai ya ga wani dattijo ya shiga gabansa yana yi a hankali don ya kwaikwaya.

Ladan da muka ba shi kuwa takardar gargaɗi ce har biyu, abin da suke kira inzar. Ta farko saboda yajin da muke shigowa da shi a jaka muna barbaɗawa, har ɗan wasu ya shafa a ido. Ta biyu saboda an kama shi yana barin mata suna haɗa tebura suna toshe hanya. Ta uku ita ce kora. Ya faɗa mana wannan da bakinsa, sau ɗaya, cikin raha, mu kuma muka yi dariya muka ce Allah ya kiyaye.

Sai Najwa, 'yar yayata Zubaidatu, ta haihu. An yanka rago da safe a unguwar Sa'alaba, amma ɗakinsu ba zai ɗauki matan yinin suna ba, mukayyif ɗinsu kuma ya mutu. Yaya Zubaidatu ta ce, "Halas, shi ke nan, ga wuri Allah ya ba mu, da sanyi da kujeru da mai kwashe kwanuka, za mu je mu kama hayar zauren biki?" Na so in ce na hana. Ban hana ba, ni na tura saƙon gayyatar ma.

Mata arba'in da 'yan kai muka hau saman nan ranar Asabar bayan azahar, da fulas-fulas na kunu a ƙarƙashin mayafi. Aka sayi abinci, aka juye a manyan farantan da wata ta ɗebo daga sashen kayan kicin, don mu ba ma cin abincin suna kowa da kwanonsa kamar marasa dangi. Aka yi guɗa. Ammu ya zo da kekensa na tire, fuskarsa ta canja, ya sunkuyo ya ce wa yayata, "Ya uhti, 'yar'uwata, don Allah a hankali. Ku ci ku sha, ni zan gyara. Amma bas, kada a ƙara komai a kan haka."

Muka ƙara. Wata gwaggo ta ce ina aka taɓa zaman maijego babu turaren wuta, ta zaro kasko da gawayi daga jakarta. Ni na miƙa mata abin kunnawa, in dai gaskiya za a faɗa. Hayaƙi ya tashi mai daɗi, muna ta sa wa Najwa albarka, ko minti uku ba a yi ba ƙararrawar gobara ta ɗauka. Aka fitar da kowa daga kantin, sama da ƙasa, masu ciniki da masu tura kaya, aka tsayar da mu a gefe guda da jaririnmu da fulasanmu.

Manajan wurin, Abdulmohsen, ya iso yana huci, ya ce wa masu gadi kada mace ɗaya ta tafi, zai kira askarawa a duba takardun kowa. Cikin matan nan akwai aƙalla goma da umara ta kawo su shekaru da suka wuce, ba su da ko guntuwar takarda. Gwaggon mai kasko tana cikinsu, leɓenta kawai ke motsi.

Ammu Badaru ya fito riƙe da kaskon a cikin tsummansa. Ya ce, "Ya ustaz, ni na ce su kunna. Jama'ata ne, sun tambaye ni, na ce ma fi mushkila, ba matsala. Laifina ne, ka sallame su." Manajan ya dube shi ya daɗe. Ya san ƙarya ce, kowa a wurin ya sani. Ya ce, "Ka san ta nawa ce wannan, ya Badaru?" Ammu ya ce, "Na sani."

Aka sallame mu. Kuma ku ji abin da ya fi ƙona min rai: muka koma gida muka mai da abin labarin ban dariya. Da muka daina ganinsa a sama, wata ta ce hutu ya tafi, wata ta ce ai ƙarin girma aka yi masa. Ba wadda ta tambaya, har ni. Sai bayan wata huɗu, tsakiyar Agusta, na sauka daga tasi a filin ajiye motocin kantin, na hango wani dattijo da jiƙaƙƙen tawul a ka yana tura jerin kekunan kaya a kan kwalta mai tururi. Ba a kore shi ba, manajan ya duba shekarunsa ya bar masa iƙamarsa. Amma an raba shi da inuwa, yana da shekara hamsin da tara, da gwiwoyin da ko a sanyi ciwo suke.

Na tsaya ina kuka ina yi masa faɗa a lokaci guda. Na ce, "Ammu, wa ya aike ka? Me ya sa ba ka faɗa mana ba?" Ya goge fuska ya ce, "Ma'alesh, ba komai, 'yata. Ni rana ce kawai. Su da jirgi ne, a fitar da su daga ƙasar." Sannan ya tambaye ni ko yaron ya fara zama.

Ammu Badaru, kai ne bangon da muka jingina da shi har ya tsage ba mu waiwaya ba. Kai ne ka rufa mana asiri a ranar da muka tona shi da hannunmu. Wallahi haushinka nake ji, don haƙurinka ne ya sangarta mu, da ka taɓa daka mana tsawa ko sau ɗaya da wataƙila mun yi hankali. Amma haushin kaina ya fi, don ka yi magana, mu ne muka toshe kunne. Mun gode, Allah ya saka maka, ya ba gwiwoyinka lafiya, ya sanya ka a inuwar da ba manajan da zai fitar da kai daga cikinta. Ku kuma jama'a, wanda ba zai iya irin halinsa ba, aƙalla ya daina zama nauyin da irinsu suke ɗauka. Abinci mai araha halal ne, ku ci, amma ku dubi fuskar mai goge teburin ku san cewa wani ne yake cika ragowar kuɗin da jikinsa.

Da na kai wa mata labari, kunya ta kama kowa, aka ce dole a yi masa walimar girmamawa. Ban gama jin daɗi ba sai Yaya Zubaidatu ta ce a yi ta a saman kantin, tunda can ya yi hidimarsa. Aka aike ni in sanar da shi. Ya saki kekunan, ya haɗa hannuwansa biyu kamar mai roƙon gafara.

"Don girman Allah, 'yata, ku bar shi. Wanda aka sa a wurina, Hussaini, 'ya'yansa biyar. Tun zuwansa kun riga kun jawo masa inzar biyu."