Ranar da Na Yi wa Yayata Tafinta a Asibitin Sabha

Abubuwa da yawa sun same ni a zamana na Libiya, akasarinsu yanzu sun bi iska. Amma ranar da na zauna tsakanin yayata da wata likita ina juya Larabci zuwa Hausa, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin nan ne da Libiya ta buɗe ƙofarta ga 'yan Afirka, kowa na cewa an zama ɗaya. Yaya da mijinta suka baro Damagaram suka sauka Sabha, yaransu suna gida wurin innarmu. Shi yana aikin gonar dabino a Zighan, sai ƙarshen mako yake shigowa gari, ita kuma tana tuwon sayarwa ga leburori masu gini. Ni na biyo su daga baya, na samu aikin wanke-wanke a gidan wasu Larabawa a unguwar Sukra, a nan bakina ya kama Larabci.

Yaya mace ce mai ƙarfi, ita kaɗai take sauke tukunyar da mata biyu ke kamawa. Shi ya sa hankalina ya tashi wata safiya da na ga ta saki muciya tana tsaka da tuƙi, ta zauna a ƙasa ta riƙe mara. Da na matsa mata sai ta faɗa mini cewa ta daɗe tana ganin jini ba a lokacin al'ada ba, kunya ta hana ta magana. Matan gidan hayarmu kowa da nata bayani. Wata ta ce sammu ne, wata ta ce iska. Wata kuma ta yi ƙasa da murya ta ce irin wannan ciwo ba ya kama mace mai kamun kai. Yaya ta ji, daga ranar ta daina fitowa tsakar gida.

Da ƙyar na ja ta asibiti. Aka duba ta, aka ɗauki ɗan naman da bai kai ƙwayar wake ba daga bakin mahaifa, aka aika gwaji. Ranar da muka koma jin sakamako, mijinta ya baro gona ya raka mu.

Likitar matashiya ce, tana kuma koyarwa a jami'a. Ta dube ni ta faɗi kalmar da na sani, wadda Larabawan gidan aikina ba sa furtawa sai sun nemi tsari. Na kau da kaina daga Yaya.

"Ke nake kallo, ba ita ba," in ji Yaya. "Faɗa mini yadda ta faɗa."

Na ce, "Yaya, ciwon daji ne, a bakin mahaifa."

Mijinta ya yi salati, ya ce gobe zai nemi motar Agadez, gara ta koma cikin dangi. Yaya ba ta ko dube shi ba. Ta ce da ni, "Tambaye ta, me na yi?"

Da na juya tambayar, likitar ta ajiye biro ta jawo kujerarta kusa da Yaya. Ta ce akwai wata ƙwayar cuta da ke yawo tsakanin mutane sosai, maza da mata, masu aure da marasa aure, kuma yawancin jiki yakan kore ta ba tare da mutum ya sani ba. A jikin wasu kaɗan ne take maƙalewa shekara da shekaru, har ba wanda zai iya cewa ga lokacin da ta shiga. Sai ta shiga wani bayani mai zurfi, na rasa kansa, na ce ta yi haƙuri ta sake.

Ta yi ɗan tunani, ta tambaye mu ko muna aika saƙon kaset gida. Muka ce ƙwarai. Ta ce jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowace tana ɗauke da saƙon gado mai gaya mata abin da za ta yi. Kafin ta yi aiki da saƙon sai ta kwafe shi, ta yanke wasu wurare, ta haɗa sauran, kamar yadda ake yanke zaren kaset a liƙe. Ƙwayar cutar nan tana cusa nata saƙon a ciki, kuma a hankali wurin yankan da haɗin yakan sauya. Da ya sauya sai maganar ta fito daban, abin da ke taka wa ƙwayar jiki birki ya daina aiki, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa.

"Wannan yankan da haɗin shi nake karatu a kai," in ji ta. "Bai zama magani ba tukuna, amma masana suna fatan wata rana a gane ciwon ta nan tun bai yi ƙarfi ba. Ki gaya mata ba zunubi ba ne. Ki kuma gaya mata nata bai fita daga bakin mahaifa ba. In aka yi aiki a Tarabulus aka cire mahaifar, ina sa ran za ta rayu."

Na juya maganar gaɓa-gaɓa. Har yau ban san ko na faɗi komai daidai ba, amma na ga kafaɗun Yaya sun sauka. Mijinta ya ce cire mahaifa ba ƙaramin abu ba ne, a bari a yi shawara da gida.

"Malam," in ji Yaya a hankali, "yaran da mahaifar ta haifa suna can suna jirana. Ni za a yanka, kuma na yarda."

Ya share ido da bakin rawaninsa, ya ce, "Allah ya sa a yi a sa'a." Shi ya riƙe mata jaka a motar Tarabulus, shi ya yi jinyarta har aka sallame ta.

Ta dawo a rame, amma da ƙafarta ta shigo tsakar gida. Ba ta yi wa kowa gori ba. Ta dai tara matan ta ce in maimaita musu bayanin likita, sannan ta sa na riƙa raka su gwaji ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ta yi maganar kamun kai. Ni ma na kwanta aka duba ni.

Yau Yaya tana Damagaram, ta aurar da 'ya'yanta, jikokinta mata kuma ita ta kai su allurar rigakafin wannan ƙwayar cuta da hannunta. Abin da na koya shi ne, mara lafiya ba magani kaɗai yake nema ba, yana son a gaya masa gaskiyar abin da ke faruwa a jikinsa, cikin harshen da yake ji. Yayata ba ta iya karatu ba, amma da aka yi mata bayani, ita ta fi mu duka sanin abin yi.