A Aje Mani Kunu

Aikina a kamfanin inshora ba na zaman ofis ba ne. Ni ake aikawa in duba. Idan manomi ya ce ruwa ya cinye masa shinkafa, ni zan je in tsaya a bakin gonar. Idan aka ce babur ya ƙone, ni zan je in ga ƙarfen. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma ina da tsari, kuma ba na tsallake mataki. Da farko a ji abin da aka ce. Sannan a duba waya. Sannan a je a zauna nesa a kalli gida. Sallama da shiga su ne na ƙarshe, don wanda ya fara da shiga, tare da ruwan sha za a miƙo masa ƙarya.

Wata damina, lokacin gero ya fara fitar da kai, manajanmu ya kira ni daga Gusau. Ina gida a Talata Mafara. Ya ce akwai wani manomin shinkafa na Bakura da ya karɓi injin ban ruwa ta hannun ƙungiyarsu, kuma akwai inshorar rai a kan yarjejeniyar: in ya mutu, a yafe injin, a ba iyalinsa abin da za su riƙe yara. Iyalin sun kawo takardar alƙali cewa ya rasu. An ce 'yan bindiga suka tare shi a hanyar Janbako farkon damina, ya mutu a daji, mutum biyu da aka sako suka ba da shaida. Babu gawa, babu kabarin da za a nuna.

"To ga mamacin naka nan yana canza hoto a waya," in ji manaja. "Matattun Bakura sun waye. Ka je ka gano mini inda ya ɓuya."

Ban yi dariya ba. Na san abin da rahotona zai jawo. In na rubuta yana da rai, ba a biya, a miƙa wansa da matarsa ga hukuma a kan zamba. Kuma matar nan tana cikin takaba. Takarda ɗaya tawa za ta ce mata ko ita matar mamaci ce, ko matar aure ce da ta yi wa mijinta takaba da ransa.

Na fara da waya, yadda tsari ya ce. Shafinsa na sada zumunta na ƙaramin manomi ne: hoton shinkafa koriya, hoton injin sabo fil da ledarsa, hoton yara ranar Sallah, wa'azin da ya tura bai ce komai a kai ba. Sai shafin ya yi shiru daidai lokacin da aka ce an ɗauke shi. Bayan an yi sadakar arba'in kuma sai ya farka. Aka sauya hoton fuska, aka sa wani tsohon hotonsa yana kan babur. Aka tura waƙa, shi da bai taɓa tura waƙa ba. A manhajar saƙo, ƙarƙashin sunansa, lokaci lokaci sai a rubuta yana kan layi, ya ɗan jima, ya ɓace.

Na taɓa kama rayayye ta wannan hanya. Mutum yana iya barin garinsu, ya bar matarsa, amma da wuya ya bar wayarsa. Saboda haka da na hau mota zuwa Bakura, zuciyata ta fi karkata ga maganar manaja.

Akwai rumfar mai faci da ke kallon ƙofar gidan. Na ce ni mai sayen shanshera ne, wato shinkafar da ba a cashe ba, ina jiran dillali. Na zauna kan benci ina kallo. Abin da nake nema sananne ne: kwanon abinci da ake fita da shi ba a san inda za shi ba, wankin namiji a kan igiya, mace mai takaba da ke fara'a fiye da kima, wani ya fito yana waya yana waige. Ban ga ko ɗaya ba. Mata suna shiga gaisuwa su fito shiru. Injin yana cikin zaure an rufe shi da buhu. A bakin zauren akwai takalman roba na shiga ruwa, laka ta bushe a jikinsu, mai shara tana zagaye su ba ta ɗaga su.

Ina cikin kallon takalman nan na duba waya. Yana kan layi.

Na ɗaga kai na dubi gidan, na dubi titi, na dubi kowa da ke riƙe da waya. Mai faci yana hura taya. Wata tsohuwa tana kora awaki. Da na mayar da ido kan wayar, ya sauka daga layi.

Washegari da hantsi wani dattijo mai farin gemu ya fito daga zauren da kwanon fura a hannunsa, ya tsallako titi, ya aje a gabana. Muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa, ya tambayi mutanen Mafara, alhali ban ce masa daga Mafara nake ba.

"Malam mai sayen shanshera," ya ce, "ba a sayen shanshera shinkafa na cikin ruwa. In ka gama kallonmu, ƙohwa buɗe take."

Wan mamacin ne, malamin makarantar unguwa. Na sha furar, don ba a mayar da ita. Amma ban shiga ba. Akwai matakin da ban taka ba tukuna.

Na tafi Maradun neman ɗaya daga cikin shaidun. Na same shi a gidan ɗan'uwansa, don bai koma ƙauyensu ba tun da aka sako shi. Mutum ne da bai tsufa ba. Na yi masa tambayoyi bi da bi. Ya ce zazzaɓi ne da ƙishirwa suka kashe manomin, ba harbi ba. Ya ce su aka sa suka haƙa kabarin, da itace da hannu. Ya ce wayar kuwa tun ranar farko aka karɓe ta, aka sa shi ya buɗe musu ita.

Na ce, "Ka tabbata shi ne? Ka ga fuska?"

"Ni na juya shi gabas, Malam. Ni na zuba mai ƙasa."

Na fito da wayata zan nuna masa shafin. Ya kau da kai ya dubi bango, ya ce in mayar da ita aljihu don Allah.

Da na dawo Mafara na yi abin da ya rage. Na sa wani layi da ba a san ni da shi ba, na rubuta wa lambar sallama kawai. Wannan da safe ne. Saƙon ya shiga, ba a buɗe ba. Na yi azahar, na ci tuwo, na kishingiɗa a zaure ana ruwa. Sai wayar ta yi motsi. Saƙon murya ne.

Muryar namiji ce, mai sanyi, ba gaggawa a cikinta.

"Salamu alaikum. Barka da shan ruwa. Ina nan lahiya lau, kar ku damu." Ya yi tari sau ɗaya. "Sai na ɗan jima tukuna. A aje mani kunu. Ina nan tahe."

Bakina ya buɗe zai amsa, don gaisuwa ba ta jiran izini. Sai na tsaya. Ɗanɗanon miya yana bakina, rana tana sama, azumi ya wuce da watanni. Wa ake yi wa barka da shan ruwa da azahar a tsakiyar damina?

Na sake saurara. A bayan muryar akwai wata ƙara mai bugawa a jere, ba ta tsayawa. Duk wanda ya tashi a bakin ruwan Bakalori ya san ta. Injin ban ruwa ne. Na leƙa waje. Ruwa yana zuba daga indararo, kwata ta cika.

Ba a daɗe ba wani saƙon ya biyo, a rubuce, rubutu mai kurakurai. Wai in ni ɗan'uwansa ne, na ji dai yana da rai, a kawo kuɗin fansar da aka ce.

Washegari na yi sallama a zauren Bakura. Dattijon ya shimfiɗa mini tabarma kusa da injin. Na faɗa masa ko ni wane ne, ya ce ya sani. Na kunna masa saƙon. Bai yi mamaki ba, sai ya sunkuyar da kai.

"Ni ma an turo mani, tun bayan arba'in," ya ce. "Ban gaya ma kowa ba. Kullum ina tsakanin biyu. In shina da rai, mun yi mai zaman makoki shina numfashi, mun sa matarshi takaba, mun kai ma alƙali abin da ba shi ne ba. In kuwa ya rasu, wa ka magana?"

Na ce, "Malam, ba ka ji gaisuwar ba? Ta azumi ce."

"Na ji. Amma wanda ad daji, mi ya sani na wata? Ko shina azumin nafila. Ko yunwa ta sa ya mai da kwanakinshi azumi. Ka ji har kunu yake roƙo."

Na ce, "Ƙarar injin fa?"

"Su ma suna da injin wuta, an ce."

Ba shi da wauta. Duk abin da na kawo, ya riga ya juya shi a ransa ya samo masa amsa, don ƙaninsa ne. Na tambaye shi ko matar ta ji. Ya ce a'a, bai ga amfanin tayar mata da hankali ba, kuma wayarta ma an sayar tun lokacin da ake haɗa abin fansa.

Na ce sai ta ji. Ya dube ni kamar na zage shi. Na ce masa ba zan rubuta komai ba sai na gama, kuma ita ce ta fi kowa sanin muryar. Sannan ya tashi ya shiga.

Ba ta fito ba. An saki labule a ƙofar da ke shiga cikin gida, ta zauna a bayansa. Ƙafarta kawai nake gani, ba lalle, da gefen wani tsohon zane. Muka gaisa a taƙaice, na yi mata ta'aziyya, ina jin nauyin yin ta alhali an aiko ni in ƙaryata mutuwar. Dattijon ya ce, "Amarya, wata murya za ki ji. Ki yi haƙuri, ki hwaɗi abin da kinka sani." Haka yake kiranta, ko da yake ta haifi huɗu a gidan.

Na danna.

"Salamu alaikum. Barka da shan ruwa."

Daga bayan labule sai wata murya ta kama, a hankali, tare da tasa. "Ina nan lahiya lau, kar ku damu." Ta yi shiru daidai inda zai yi tari, ya yi tarin. Sannan ta riga shi: "Sai na ɗan jima tukuna. A aje mani kunu."

"Ina nan tahe," in ji wayar, ita kaɗai.

Dattijon ya riƙe gemunsa.

"Yaya, ni ya turo ma wa," ta ce. "Azumin bana ne, goman tsakiya. Ranar layin ruwanmu ne, ya tsaya gona har aka sha ruwa. Na aje mai kunun, ya zo ya sha. Ba sabo ba ne. In da shina da rai, da ya tambayi ɗiyanmu."

Dattijon ya yi salati, ya maimaita, hawaye yana bin gemunsa. Na gane a lokacin ne ƙaninsa ya mutu a wurinsa.

Na fara naɗe tabarma, sai ta ce, "Malam mai inshora."

"Na'am."

"A ƙara sa mani sau guda."

Na sa mata. Wannan karon ba ta bi shi ba. Kafin in tafi na tura saƙon a wayar dattijon, ko da yake yana da shi, na ce wannan nata ne.

Na rubuta rahoto a jere: shaidar Maradun, wayar da aka karɓe, gaisuwar azumi, ƙarar inji a damina, da matar da ta faɗi maganar kafin a faɗe ta. Na ce mutumin ya rasu, wayarsa ce ke hannun waɗanda suka ɗauke shi, suna tura tsohuwar muryarsa. Manaja ya yi gunaguni, ya ce ya so a ce akwai hoton kabari. Na ce ya aiko wanda zai je ya ɗauko. An biya bayan girbi. Ta gama takabarta, babu wanda ya ce ta fita ko ta sake. Injin ya zauna a gidan, babban ɗansu yana ban ruwa da shi.

Layin nan da na yi aiki da shi ban cire shi daga waya ba, kuma ban goge lambar ba. Wani lokaci ina gani yana kan layi.

Da azumi ya zagayo, wata rana ina zaune a ƙofar gida a Mafara, an kira magariba, na kai dabino baki, kofin kunu yana gabana yana tururi. Wayar ta yi motsi. Na san lambar. Na san ba sabo ba ne, na ga tsawonsa daidai da na da. Duk da haka na danna.

"Salamu alaikum. Barka da shan ruwa."

Wannan karon gaisuwar ta zo a kan lokacinta. Daga nesa, ta wajen fadama, ana jin injinan ban ruwa suna bugawa, na kasa rabe na waya da na gari.

Na ce, "Wa alaikumus salam. Barka kadai." Ban tura ba, a baki na faɗa. Ya yi tarinsa, ya ce a aje masa kunu, ya ce yana nan tafe.

Uwargidana ta leƙo ta ce, "Malam, baƙo ka yi? In ƙaro kofi?"

Na ce ta ƙaro. Na ba wani matafiyi da ya tsaya alwala a bakin masallaci.