Man Giyar da Mudassiru Ya Raina

Shekara ashirin Mudassiru bakanike yana gane mai da yatsunsa a garejinsa na Kura. Ya tsoma, ya murza, shi ke nan ya yanke hukunci.

Wata rana Alhaji Usaini ya kawo motarsa mai jigilar tumatir daga Kadawa, haɗe da galan ɗin man giya na zamani. Ya ce aksil ɗin bayanta, mai riƙe tayoyi a taɓo, wannan yake so. Mudassiru ya murza, ya ce a ransa wannan ai ruwa ne. Alhaji na juya baya ya tura galan ƙarƙashin benci, ya ɗura mai kaurin da ya saba.

Ba a yi mako ba motar ta dawo, tana gurnani duk kwanar da ta sha. Mudassiru ya kwance aksil, bai ga komai ba. Sai ya faki ido ya tsiyaye nasa man, ya ɗura na Alhaji. Gurnani ya ɗauke.

Har yau Alhaji na nuna shi a kasuwar Bunkure yana cewa, "Ga mai hannun albarka." Mudassiru sai ya sunkuyar da kai, ya cusa hannun a aljihu.