Madarar Wanda Ya Zo Na Biyu

A shagon wani gidan mai da ke bayan garin Indianapolis, Lorraine mai jiran kanti tana kallon mutumin da ya daɗe tsaye gaban firji. Gajere ne mai kaurin wuya, shatin hular kwano bai gama bajewa a kumatunsa ba. Yau aka yi babban tseren motoci, wanda ya ci kuwa ya riga ya ɗaga kwalbar madara a gaban dubban jama'a, yadda aka saba.

Shi ma madara ya ɗauko, 'yar ƙarama.

"In sa maka a leda, ɗana?"

"Bar ta, Mama, nan zan sha."

Muryar ce ta tona shi. Ita ce Lorraine ta ji ɗazu a rediyo, yana kan gaba a tseren, maigidansa ya umarce shi ya kauce wa abokin aikinsa. "Na ji," ya ce, ya rage gudu, abokin ya wuce ya ci. Wataƙila kwantiraginsa bana zai ƙare, wataƙila akwai yara a gida.

Ya juya wa ƙofa baya yana sha. Lorraine ta ajiye tsummanta, tana tafa masa ita kaɗai.