Gwangwanin Dabino da 'Yar Akuya

Shekarar da babbar 'yata take aji huɗu na firamare, malaminsu ya tare ni a ƙofar gidanmu a Gusau, ya ce idan karatunta bai gyaru ba za ta maimaita aji. Na san dalili. Da an kawo wuta sai ta yar da jaka ta zauna gaban talabijin, ƙanenta na gefe, har tuwonsu ya huce.

Da farko na gwada faɗa. Bayan nan na ɓoye rimot, suka gano maɓallin da ke jikin akwatin. Sai na zaunar da ita na kafa doka: duk ranar da ba ta yi kallo ba, zan jefa mata ƙwallon dabino a gwangwanin madara. Ranar da ya cika, 'yar akuya daga garken yayana a Karakkai ta zama tata.

Ba a daɗe ba taransifomar unguwarmu ta ƙone, muka zauna babu wuta. Kullum da yamma sai ga ta da gwangwani.

"Baba, yau ma ban kalla ba."

"Da wace wutar za ki kalla?"

"Ai ba ka ce sai da wuta ba."

Uwarta na tankaɗe, ta yi dariya. "Malam, da bakinka ka faɗa."

Ni ba na janye magana. Na ci gaba da jefawa har ya cika, na je na ɗauko akuya a kan babur. Amma wannan karon na tsara abin daki-daki. A dawo daga makaranta, a ci abinci, a yi aikin da malam ya bayar, a yanko ciyawa, sannan kallo. Idan akuya ta rame, ta koma Karakkai.

Ita kuwa akuya ba ta da haƙuri. Yarinya na rubutu, akuya na kuka a turke, dole a gama da wuri.

Ranar da aka gyara wuta, yaran unguwa suka ɗauki ihu, ƙanenta ya ruga ɗaki. Ita tana tsakar gida da lauje a hannu. Ta dubi ƙofar ɗakin, ta dubi turke.

"Kai, ka riƙe mini labarin," ta ce masa, ta ɗauki buhu ta fita.

Ba ta daina kallo ba, ya dai ragu ƙwarai. Ƙarshen shekara ta wuce zuwa aji biyar, tana tsakiyar 'yan ajinsu. Ƙanenta ya wanke gwangwanin ya kawo mini.