Bututun da ke Leƙen Kwana

Ko me zan manta na zamanmu a unguwar Ammariyya, can ƙasa mai tsarki, ban da makon da na fitar da wani dattijo daga ɗakinsa da littafin rubutuna.

Lokacin ina ajin ƙarshe na sakandare, ina zaune wurin kawuna, ba ni da aboki sai karatu. A cikin wani tsohon littafin tarihin Yaƙin Duniya na Biyu na ga hoton wata bindiga da aka taɓa gwadawa: bakinta a lanƙwashe kamar lauje, da madubi a sama, don soja ya laɓe jikin bango ya harbi wanda ke bayan kwana. An ce ba ta yi ƙarko ba, harsashi kan farfashe a lanƙwasar. Sau uku na zana ta da rula.

Wata la'asar na leƙa taga, sai na ga baƙin bututu ya fito daga tagar ɗakin ƙasa, bakinsa a lanƙwashe, madubi na ƙyalli, ya nufi kwanar lungu. Mai ɗakin wani dattijo ne ɗan Nijar, mai gyaran famfo, wanda ba ya zama ƙofar gida, gaisuwa ma a gurguje yake yi. Nan take komai nasa ya zame mini alama. Kwana shida ina rubuta lokacin fitowar bututun da na komawarsa. Na zana rabin da nake gani, rabin da ke cikin ɗaki kuwa na cike shi daga littafi, har da kunamar harbi. Kunya ta hana ni tambayarsa, amma ba ta hana ni zarginsa ba.

Na kai wa Kawu zanen a shagonsa, ban kula da maigadin gidanmu da ke shan shayi a gefe ba.

"Kai, rufe wannan abin!" in ji Kawu. "Karatun naka ne zai ja mana bala'i?"

Ina! Maigadi ya riga ya gani. Kafin magariba mai gidan ya aiko: ba ya son fitina, halas, magana ta ƙare, gobe dattijo ya tashi.

Washegari dattijon yana ɗaure kaya ya yafuto ni. "Zo, ɗana. Kai ne malamin zanen?" Ya fitar da bututun ta taga. "Sa idonka nan."

Na leƙa. Bututun ruwa ne da madubai biyu. A ciki na ga kwanar lungu tar, ga wata tsohuwa tafe da ƙunshin kayan talla.

"Iyalina ce," ya ce. "Ba mu da iƙama, takardar zama a ƙasar nan, ni da ita. Kullum ta fita ban san ko za ta dawo ba. In na tsaya ƙofa, a tambaye ni takarda. Shi ne na haɗa wannan."

Na koma na faɗa wa Kawu abin da na gani. Kawu ya je ya roƙi mai gidan, ya ƙi. Da za su hau motar zuwa unguwar Karantina, dattijon ya ɗora mini bututun a hannu. "Riƙe, ka sake zanawa. Amma ka cire kunamar, ni ban sa masa ba."

Har yau bututun na kan kantar littattafaina. Tun daga ranar, abin da ban gani da idona ba, ba na cike shi da abin da na karanta. Sai in sauka ƙasa, in yi sallama, in tambaya.